Dattijuwa Ta Yi Wanka Babu Famfo

Ranar Litinin da safe na fito in gaishe da motata kamar yadda na saba, sai na tarar wani ya riga ni. Ya sa yatsa cikin ƙurar da ke kan bonet ya rubuta da manyan baƙaƙe: A ƊAUKE. A ƙarƙashin waifar gilashi kuma ga takarda mai hatimi har biyu. Da farko na ɗauka aikin yaran layi ne, har na fara tsara faɗan da zan yi, sai na tuna yaran layinmu ba su da hatimi.

Takardar daga Kwamitin Kyan Gani ta fito, kwamitin da ban taɓa jin labarinsa ba sai ranar. Ta ce ranar Asabar Mai Girma Sarkin Almakashi zai zo buɗe sabon famfon unguwarmu, don haka duk tsohuwar motar da aka samu a bakin titi "cikin halin ƙazanta mai zubar da mutuncin gari", janwe, wato motar jan motoci, zai ja ta zuwa filin ajiya. Duk wanda ya san filin nan ya san mota ba ta fitowa yadda ta shiga. Ta maƙwabcina tela ta shiga bara da ƙafafunta huɗu, da ya je karɓo ta a kan bulo ya same ta, kaza tana kwanci a kujerar direba.

Mai karatu, ka bari in gabatar maka da wadda ake shirin ɗaukewa. Dattijuwa muke ce mata. Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, ta girmi ƙanwata da wata huɗu. Ba ta da gudu, ba ta da sanyi, rediyonta kuwa tasha ɗaya yake kamawa, ita ma sai an buga masa hannu. Amma ita ke kai Inna, mahaifiyata, asibiti duk farkon wata a duba mata hawan jini, kuma Inna ta rantse ba za ta shiga wata mota ba, wai sababbin nan duk ƙamshin roba suke yi. Ƙofar gidanmu ko baro da ƙyar yake wucewa, saboda haka a bakin titi Dattijuwa take kwana tun rasuwar mai ita.

Na shiga na karanta wa Inna takardar. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara zama a kan tabarma, ta ce, "Kai yaron nan, in ka bari suka ja motar babanku, to su haɗa da ni su ja." Ba ta ɗaga murya ba. Ita ba ta ɗaga murya, shi ya sa muke jin tsoronta.

To, a nan dole in yaba wa manyanmu, don mai yabo shi ake kira taro. Ƙurar da suke ƙorafi a kanta ba daga sama ta faɗo ba, kyautarsu ce. Wata goma sha ɗaya da suka wuce suka zo da injin tono suka haƙa rami tun daga farkon layinmu har ƙarshensa, wai za su sa mana sabon bututu. A ranar farko suka datse tsohon bututun da ke ba mu ruwa sau biyu a mako. A rana ta biyu suka kafa allo mai hoton iyali suna dariya a gaban famfo. A rana ta uku suka tafi, suka bar mana tudun jar ƙasa wanda duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗiba ya watsa mana. Wato sun ɗauke ruwan, sun kawo ƙurar, yanzu kuma sun aiko takarda suna mamakin ƙazantarmu. Wannan irin tsari ba ƙaramin kai ke yin sa ba.

Masu iya magana suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ƙi ba. Na nufi kicin inda jarkokin da mai ruwa ke kawo mana suke jere, na tarar da maman yara tsaye a gabansu ta riƙe ƙugu.

"Ina zuwa, maigida?"

"Bokiti shida kawai nake so."

"Shida? Ruwan da ke gidan nan na sha ne da girki da wankan yara. In ka ɗauki shida, gobe sai ka tura motar ta je makaranta, yaran su kwana a bakin titi."

Muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta cika mini gorar roba biyu, irin na lita ɗaya da rabi, ta ce in na ga dama in sha, in na ga dama in wanke jirgin sama.

Na fito raina a ɓace, kuma a cikin ɓacin ran nan na yi wautar da ta sa nake rubuta muku wannan. Na ce ai ba ruwa ake so ba, sheƙi ake so. Na ɗauko tsohuwar singiletina, na ɗauko gwangwanin man goge fenti da na saya tun shekara uku ban buɗe ba, na lakato na dangwala a kan bonet, a kan ƙurar, na shiga murzawa ina zagayawa da ƙarfina kamar mai wanke tukunya. Ina jin wani ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin hannuna, na ce alamar aiki na ci ne.

"Kai! Kai! Ɗaga hannunka!"

Baba Mai Fenti ne, dattijon da ke gida na uku da namu. Shekara arba'in ya yi yana fesa wa motoci fenti kafin tari ya sa ya ajiye aikin. Ya taho yana dogara sanda da saurin da ban san yana da shi ba, ya kama hannuna ya ɗaga, ya leƙa wurin da na murza. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ɗana, me motar nan ta yi maka?"

Na ce gogewa nake yi, Baba.

"Gogewa? Ka san mene ne ƙura? Yashi ne da aka niƙa. Ka zuba masa mai, ka sa tsumma, ka danna. Mu a gareji in muna so mu kankare fenti, abin da muke yi ke nan. Duba nan."

Na sunkuya ta gefen rana. Wurin da na murza ya cika da siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Rashin sani ya fi dare duhu, ni da ke ƙoƙarin ceton motar, ashe fiɗe ta nake yi da ranta. Ya nuna mini rubutun ma'aikacin kwamiti ma, ya ce ko shi da yatsansa ya ja yashi a kan fentin, in an wanke za a ga sawunsa.

Na ce, "To Baba, ba ruwa. Gora biyu ne da ni."

"Gora biyu? Ai kai attajiri ne." Ya yi dariya har tarinsa ya tashi. "Tsohuwar mota irin wannan ko famfo na zuba ba zan sa mata tiyo ba. Taɓa robar gilashin nan ka ji, ta bushe ta tsage. Ka kwarara mata ruwa ya gangara cikin ƙofa ya kwanta, bayan wata shida tsatsa ta fito maka ta ƙasa. Tsoho ba a tura shi kogi, shafa masa ake yi."

Ya ce mu bari sai gobe da safe kafin rana ta taɓa ƙarfen, don mota mai zafi tana shanye feshi kafin ya yi aiki. Washegari ya zo da kayansa a cikin tsohuwar jakar makaranta: robar feshi irin ta masu aski, wata ƙaramar kwalba mai ruwa mai santsi wanda ba ya kumfa, da tarin tsummoki masu laushi a ninke kamar kayan jariri. Ya zuba murfi biyu na ruwan santsin a robar, ya cika da ruwan gorata, ya girgiza. Ya ce aikin santsin shi ne ya naɗe kowace ƙwayar yashi ya ɗaga ta, ta yadda za ta taso ba tare da ta karci fenti ba.

Daga rufi muka fara, don ƙazanta daga sama take gangarowa. Na ce masa wannan ba a mota kaɗai ba, ya ce in rufe baki in yi aiki. Ya fesa wuri kamar faɗin faranti biyu har ya jiƙe, sannan ya tsaya ya harɗe hannu.

Na ce, "Baba, ba za mu goge ba?"

"Bari ta sha. Kai in an jiƙa maka wanki nan take kake cuɗawa?"

Da ƙurar ta yi laushi, ya ninke tsumma gida huɗu, ya ɗora a hankali ya ja sau ɗaya, ja mai tsawo, yana ɗan karkata hannunsa sama. Bai danna ba, bai dawo baya ba. Ya nuna mini jan layin dattin da ya taru a bakin tsumman, ya juya wani gefe mai tsabta, ya sake ja. Tsumma ɗaya fuska takwas ne da shi, in ji shi, kowace fuska ja ɗaya ko biyu, in sun ƙare a ajiye a ɗauki wani. Bayansa sai busasshen tsumma ya bi ya share sauran danshin.

Na karɓa na fara. A ja na uku hannuna ya koma zagaye da kansa, sandar Baba ta sauka a kan gwiwar hannuna. A ja na goma tsumma ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauka na kakkaɓe zan ci gaba.

"Ajiye shi! Tsumman da ya taɓa ƙasa ya yi ritaya."

"Baba, sakan ɗaya fa ya yi."

"Sakan ɗaya ya ishe shi ɗaukar abin da zai ɓata aikin yini guda. Ba a mayar da shi aiki."

Tela da ke kallonmu daga bakin shagonsa ya ce da ma haka dokar take a ofisoshi, da wasu da suka faɗi ƙasa sau bakwai ba a sake ɗora su a kan kujera ba. Na ce masa ni dai mota nake wankewa, ba ruwana da siyasa.

Kwana uku muka yi, kullum da safe awa biyu. Rufi da gilasai, sannan bonet da but, sannan ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe da nasu tsummokin daban. Cikin 'yan lungunan da ke kewaye da fitila ya sa tsohon buroshin haƙori. Ina gunaguni bayana na ciwo, yana cewa sannu ba ta hana zuwa. Da muka gama, ya ce in sa hannuna cikin leda in shafa fentin. Ta cikin leda, in ji shi, yatsa na jin abin da ido ba ya gani. Inda na ji gurji-gurji muka sake bi har ya yi sumul. Sai a lokacin ya yarda aka sake buɗe gwangwanin man gogewa, kuma ruwan gora ta biyu bai ma ƙare ba.

Safiyar Juma'a muka yi gogewar. Ya lakata ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ya shafa da sassauci, don tsohon fenti siriri ne, in ka matsa masa sai ka ga ƙarfe. Da na duba tsumman na ga ya rine, sai na tsorata na ce fentin na fita. Ya ce mataccen sama ne ke fita, mai ran yana ƙasa. Ni duk shekarun nan in an tambaye ni launin motata, ruwan toka nake cewa. A takardunta ma na daina dubawa. Sai ga wani shuɗi mai duhu, mai zurfi, yana fitowa ƙarƙashin hannun tsohon nan, taki bayan taki. Saƙar gizo-gizon da na yi ta dusashe, A ƊAUKE ma ya tafi, sai in ka san wurin ka karkata kai.

Asabar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma manyanmu ranar suke shuka ta. Tun da sassafe injin ya dawo ya tura ƙasa cikin ramin da aka bari wata goma sha ɗaya, a cikin awa biyu. Bayansa sai ga tankar ruwa guda uku. Matan layi suka fito da bokitai da jarkoki suna murna, wani mai hular kwano ya tare su ya ce su koma.

"Wannan ruwan titi ne, ba na mutane ba ne."

Muna tsaye muna kallo suka saki tiyo suka shiga wanke kwalta. Ruwa mai sanyi, fari tas, yana gudu cikin kwata. Maman yara ta dafe kai ta ce ita ba za ta iya kallo ba. Ni kuwa abin da nake kallo daban ne: ruwan ya haɗu da jar ƙasa ya zama taɓo, bakin tiyon yana watsa shi hagu da dama, kuma tankar tana matsowa wajen Dattijuwa. Janwe yana fake a bakin layi, ma'aikacin kwamiti yana jingine da shi da farin hankici a hannu, wanda da shi yake shafa motoci yana yanke hukunci. Feshi ɗaya na taɓon nan ya isa ya mayar da aikin kwana huɗu banza. Na yi ihu na ɗaga hannu, ko kallona ba su yi ba.

Sai na ji ƙarar jan kujera a bayana. Inna ce. Ta jawo kujerarta ta roba ta dasa a kan kwalta tsakanin tanka da mota, ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya.

Mai tiyo ya ce, "Mama, ki matsa, za ki jiƙe."

"Jiƙa ni, ɗana. Wata goma sha ɗaya rabona da wanka mai daɗi."

Ya dubi mai hular kwano, mai hular kwano ya dubi agogo. Suka karkata tiyo suka kewaye mu. Duk layin ya jiƙe sharkaf ban da wani busasshen tsibiri mai ɗauke da tsohuwa ɗaya da mota ɗaya.

Da hantsi jiniya ta cika unguwa. Mai Girma Sarkin Almakashi ya sauko, aka miƙa masa almakashi a kan faranti, ya yanke jan ƙyalle, ya murɗa kan famfo. Ruwa ya zubo! Aka yi tafi. Ni ma na yi tafi, duk da tela ya raɗa mini cewa ya ga wani tiyo ya bi ta bayan katanga zuwa cikin tanka ta uku. Na ce ya yi shiru, ranar farin ciki ce.

Yana juyawa zai koma mota idonsa ya faɗa kan Dattijuwa. Ba laifinsa ba ne, rana ta dake ta, tana ɗaukar ido tun daga bakin layi. Ya taho da dukan ayarinsa, masu kyamara suna tuntuɓe da juna. Ma'aikacin kwamiti da ya riga ya zaro hankicinsa ya mayar da shi aljihu ya ƙame.

"Motar wane ne wannan?"

Na ce tawa ce, ranka ya daɗe.

Ya juya ga masu kyamara ya buɗe hannu. "Jama'a, ku duba abin da ruwanmu ya yi! Ko tsofaffin motoci sun shaida!" Sannan ya dube ni. "Malam, faɗa musu, da ruwan famfonmu ka wanke ta, ko ba haka ba?"

Na buɗe baki, maman yara ta taka mini ƙafa. Na dubi janwe, na dubi Inna. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ruwan da famfonku ya ba mu cikin wata goma sha ɗaya, babu ɗigon da ban zuba mata ba."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya kwashe da dariya, ya dafa tafin hannunsa a tsakiyar bonet aka ɗauki hoto. Na ji Baba Mai Fenti ya ja numfashi a bayana kamar an soke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo, amma ban damu ba, don a gaban idona ma'aikacin kwamiti ya nemi sunan motar a jerinsa ya soke shi. Janwe ya tafi da motar wani mai sayar da katifa wanda ya yi tafiya bai ga takarda ba.

Kafin azahar ayari ya watse, tankoki suka bi bayansu. Matan layi suka yi layi a sabon famfo. Ya cika bokiti ɗaya da rabi, ya yi tari sau biyu irin na Baba Mai Fenti, ya yi shiru. Har yau da nake rubutun nan bai sake cewa uffan ba.

Da layi ya yi tsit, Inna ta tashi daga kujerarta ta zagaya motar a hankali. Ta tsaya a ƙofar gaba ta gefen fasinja, ta daɗe tana kallon fuskarta a cikin shuɗin.

"Wannan ne launinta," in ji ta. "Ranar da babanku ya kawo ta, a ƙofar nan na duba ɗaurin ɗankwalina, yana ta danna oda wai na cika ɓata lokaci." Ta sa gefen mayafi ta share ido. "Ita ta dawo yadda take. Ni ce ban dawo ba."

Don kada in yi kuka in ji kunya a gaban tela, sai na ce mata akwai sauran mai a gwangwani, kuma Baba Mai Fenti ya ce mai ran yana ƙasa. Sandarta ta same ni daidai inda ta Baba ta bari, amma tana dariya. Ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna, ta ce in zagaya da ita gari ko ba asibiti.

Af, na manta. Sawun hannun Mai Girma yana nan a tsakiyar bonet, yatsu biyar raɗau da maiƙonsu. Baba Mai Fenti ya ce feshi biyu da ja ɗaya za su ɗauke shi, kuma akwai ragowar ruwa a gorata. Na ce a bar shi tukuna. A duk ayyukan da suka kawo layinmu, shi kaɗai ne ya kwana bakwai bai ɓace ba.